Wainar Maƙwabta

Kwana tara ke nan da aka bugo wa Bihua waya cewa mijinta Deming ya faɗa teku daga jirgin kamun kifi, ko takalminsa ba a gani ba. Kwana tara tana haɗiye maganar, domin likita ya ce zuciyar tsohuwar surukarta, uwar Deming, ba za ta ɗauki mummunan labari ba.

Sai ga sabuwar shekara ta ƙarato. A ƙauyensu, gidan da aka yi rashi ba ya turara nian gao, wainar shinkafa mai danƙo da jan sukari, domin waina ce ta masu fatan bana ta fi bara. Maƙwabta ke kawo musu. In Bihua ta ƙi ɗora tukunya, ta tona asiri. In ta ɗora, ta wulaƙanta mamacinta.

Ta ɗora. Wainar nan kuwa fitinanniya ce: yini guda take sha a wuta, ba a matsawa daga gabanta, ba a kuka a kanta, ba a mugun baki, in ba haka ba ta ƙi daskarewa. Ga tsohuwa ta kafa kujera a ƙofar kicin ta tare hanya.

"Ƙara itace. Deming ba ya son ta da ruwa-ruwa."

"To, Mama."

"Idonki fa?"

"Hayaƙi ne."

"Shekara goma sha biyu kina girki a nan, yau hayaƙin ya san ki?"

Bihua ta cije leɓe, baƙin ciki kamar ya fasa mata ƙirji. Ta ji haushin tukunyar, ta ji haushin Deming da ya bar ta da wannan kaya.

Da rana ta take, sai ga matar Kang maƙwabcinsu, mai kirkin da ba ya shawara, ashe labarin ya iske ta, ɗauke da waina a ganyen ayaba, ba jar takardar murna a kanta, irin wadda ake kai wa gidan rashi. Tana hango tururi ta yi turus.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon wainar, sannan ta karɓa da hannu biyu.

"Tun da kika daina kwana da waya a hannu na sha jinin jikina," ta ce da Bihua. "Da kika hura wuta na ce ƙila zuciyata ce ke min ƙarya."

Ta janye kujerarta daga ƙofa.

"Kashe wutar, 'yata. Yi kukanki, ba sauran abin da zai lalace."