Gahawar Sallama a Gidan Hajrudin

Tun da Hajrudin ya hango motar jam'iyya ta tsaya a ƙofar gidansa a garin Olovo na ƙasar Bosniya, ya ɗaure fuska. Ya san abin da ke tafe da ita: so ake 'yarsa Selvedina ta sake tsayawa takara.

Sau biyu ta ci kujerar majalisar jiha a Zenica, daga nan ta haye ta tarayya a Sarajevo. A zaɓen da ya biyo baya ta sha kaye, ta dawo gida a rame, ga hawan jini. Shi ya yi jinyarta da romon kaza, sai bana kumatunta suka ciko.

Mirzet, shugaban jam'iyya na garin, ya tuɓe takalmi ya shigo, Selvedina ta ba shi wurin zama.

"Kawu Hajrudin, kullum ƙara yarinta kake yi!"

"Kai kuma tumbi," in ji Hajrudin, ya wuce kicin.

Kowa a Olovo ya san gahawar farko mai kauri ce, ta maraba. Mai ruwa-ruwa kuwa sai a ƙarshe, ita ce ke gaya wa baƙo ya nemi takalminsa. Hajrudin ya tsuga ruwa, ya ɗan barbaɗa garin gahawa, ya kawo.

Mirzet ya kurɓa, ya leƙa kofin, ya fashe da dariya.

"Haba Kawu, ko kujera ban ɗumama ba, har an kawo ta sallama?"

"Hannu ne ya tsufa."

Selvedina ta ɗauki tiren, ta ja hannun rigar mahaifinta zuwa kicin.

"Baba, wannan wane irin abin kunya ne?"

"Kunya ta fi asibiti," ya ce. "Kin manta yadda suka dawo min da ke? Yanzu kuma sun dawo neman ki..."

"Ba su suka neme ni ba, Baba. Ni na kira shi."

Ya dafa bakin tebur.

"Hanyar ƙauyukan kan dutse da na fara har yau ba a gama ba," ta ce a hankali. "Zaman nan ma ciwo ne a wurina. Amma in ka ce a'a, na haƙura."

Ya dube ta. Rabon da ya ga idonta da haske haka tun kafin ta faɗi zaɓe. Ya gyara mata gashin da ya zubo a goshi, ya koma falo.

"Mirzet, za ta tsaya. Amma ni zan tuƙa ta duk inda za ta, kuma in na ce a tashi ta ci abinci, taro ya ƙare."

"A wannan tsohuwar motar taka, Kawu? Sai mu isa bayan zaɓe!"

"To mu riƙa fara tafiya da wuri."