Kujerar Kusa da Kicin

Kwana goma sha tara ke nan rabon da su zauna wuri ɗaya su yi hira. Ita matuƙiyar jirgin sama ce, shi kuma yana cikin masu kula da fasinja. Kamfaninsu ɗaya, gidansu ɗaya, amma mai tsara jadawalin aiki kamar ya rantse sai ya raba su. In ta sauka ya tashi, in ya sauka ta tashi. Zancensu ya koma 'yar takarda a jikin firij: famfon banɗaki na ɗiga, haƙorin ɗaya daga cikin 'yan biyu ya fita.

Da ta samu hutun kwana uku sai ta duba jadawalinsa, ta ga zai yi tafiyar awa takwas zuwa ƙetare, ya kwana ɗaya ya juyo. Ba ta gaya masa komai ba. Ta kai yaran wurin mahaifiyarta, wadda ta kalle ta sama da ƙasa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda noma ya gajiyar ya tafi hutu gona ba.

A filin jirgi ta tarar jirgin ya cika maƙil. Mai kula da ƙofar shiga ta ce sai dai kujerar ma'aikata, ita ma sai kyaftin ya sa hannu. Kyaftin ɗin dattijo ne, ta yi shekara biyu tana mataimakiyarsa. Ya yi murnar ganinta, ya ce ta zo ɗakin tuƙi ta zauna bayansa su sha labari. Ta sunkuyar da kai ta ce in ba damuwa ta fi son ta can baya.

"Ta kusa da kicin? Wannan ai allo ne, ba kujera ba."

Ya jawo takardar sunayen ma'aikatan ranar, ya bi ta da yatsa har ya tsaya a kan wani suna. Sai ya yi murmushi, ya sa hannu, bai ƙara cewa komai ba.

Gaskiyarsa. Kujerar a manne take da bango, sai an janyo ta take buɗewa, in an tashi ta koma da kanta. Tana cikin ɗaura bel maigidan nata ya juyo da tulin barguna a hannu. Ya tsaya cak.

"Lafiya? Ina yaran?"

"Suna wurin Mama. Biyo ka na yi, Baban 'yan biyu."

Ya buɗe baki zai yi magana, wani fasinja ya kira shi a kan jakarsa ta ƙi shiga ma'aji. Ya tafi yana waiwaye.

Ta zo da zance cike da ciki, har ta jera abin da za ta fara da shi. Amma da jirgi ya daidaita a sama sai ta ga ba ta da miji. Ya wuce da keken abinci, ya dawo da shi, ya sake wucewa da butar shayi. Duk wucewar da zai yi sai ya ɗan taɓa kafaɗarta da gwiwar hannu, shi ke nan rabonta. Sai ta haƙura ta zuba masa ido.

Mutumin da a gida ba ya iya kawo mata kofi bai zubar da rabi a hanya ba, ga shi yana tsiyaya shayi jirgi na girgiza, ko ɗigo bai faɗi ba. Ya karɓi jaririn wata mata ya saɓa har ta shiga banɗaki ta fito. Can kuma wani tsoho da bai taɓa hawa jirgi ba ya ƙanƙame hannun kujera, ya ƙi ci ya ƙi sha. Maigidan ya durƙusa gabansa ya daɗe yana masa magana ƙasa-ƙasa, har tsohon ya yi dariya ya karɓi abincin.

Shekara tara suna tare, kullum ita tana gaba a ɗakin tuƙi, ƙofa a kulle. Mutanen nan ɗari uku adadi ne da nauyi a takardarta. Ba ta taɓa ganin yadda yake yini da su ba. Ta ji 'yar kunya, ta kuma ji ɗan kishi, don fara'ar da yake rabawa kyauta ta yi mata yawa.

Sai da aka fara sauka, aka umarci ma'aikata su zauna, sannan ya zo ya janyo kujerar gefenta ya ɗaura bel. Ya miƙe ƙafafu yana cije leɓe. Minti ashirin da biyar suke da su, ita kuwa duk abin da ta jera ya gudu. Abin da ya zo mata kawai ta tambaye shi me ya gaya wa tsohon nan.

"Ce masa na yi matata irin wannan jirgin take tuƙawa, kuma in ta ga kyankyaso a kicin sai ta hau tebur. In ita ba ta tsoron jirgin, shi ma ya kwantar da hankalinsa."

Ta mintsine shi a hannu. Ta ce sau ɗaya ne, kuma kyankyason mai tashi ne. Ya ce ya sani, ai shi ya kashe shi. Daga nan zance ya ɓalle: haƙorin yarinya, wanda zai kira mai gyaran famfo, da yadda ita matar tasa ta rame ba ta sani ba. Tayoyi suka taɓa ƙasa ba su kai ƙarshe ba.

Ta jira fasinja suka fita kaf. Ta fara tattara barguna, ya ce ba aikinta ba ne, ta ci gaba da ninkewa. A motar da ke kai ma'aikata masauki suka samu kujerar ƙarshe. Kafin a fita daga harabar filin jirgin barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗarta. Bayanta na mata ciwo kamar an yi mata duka, amma ba ta motsa ba har suka isa.