Dokin da Mai Aski Ya Nuna wa Hanya

Shekara biyu mai aski yana shan kashi a wasan ces, wato darar Turawa, a hannun maƙwabcinsa, mai gyaran agogo. Bango ɗaya ya raba shagunansu, kuma kullum rana ta take, ciniki ya ja baya, sai su ɗora allon a kan wani tsohon kwalin talabijin a bakin ƙofa. Mai gyaran agogo dattijo ne mai sanyin magana, amma kafin shayi ya huce ya gama da sarkin mai aski.

Abin ya ishi mai aski. Wata Talata ya ci karo da bidiyo a waya: wani mai gemu yana nuna yadda ake buɗe wasa, cikin yaren da mai aski bai taɓa ji ba. Bai damu ba, ai hannu yake kallo, ba baki ba. Ya ciro kalandar bara daga bango ya kwafe motsi goma sha ɗaya a bayanta, na fari da na baƙi. Yana cikin haka wani ya shigo gyaran fuska, sai ya kashe wayar, ya ce abin da ya samu ma ya isa kayar da mutum uku.

Sati guda yana hadda. A gida ya sa matarsa ta riƙe kalandar tana yi masa tambaya kamar ɗan firamare. A shago yana aski yana gunaguni, soja, doki, soja, har wani malamin makaranta ya tsorata ya nemi tashi da rabin kai.

Ranar karawa ya riga dattijon zama, ya ɗauki fari. Mai faci na tsallaken titi ya jawo benci don kallo. Motsi biyu na farko suka tafi yadda aka rubuta. A na uku dattijon ya tura wani soja na gefe, sai mai aski ya riƙe masa hannu.

“Baba, ba nan za ka taɓa ba. Doki za ka fitar.”

Dattijon ya tambaye shi wa ya ce. Mai aski ya zaro kalandar daga cikin riga ya shimfiɗa masa. Dattijon ya gyara tabarau, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya yi ɗan tari, ya ce tunda a rubuce yake shi ba zai yi gardama ba. Ya mai da sojansa, ya fitar da doki.

Daga nan mai aski ya zama mai wasan ɓangare biyu. Ya tura nasa, ya nuna wa dattijon inda zai sa nasa, dattijon ya bi ba musu. A motsi na takwas sarauniyar mai aski ta cinye soja a ɓagas, ya juya ya kashe wa mai faci ido. A na goma sha ɗaya ya ɗora yatsa a wani gida kusa da sarkinsa, ya ce wa dattijon ya sa dokinsa a nan. Aka sa. Rubutun kalanda ya ƙare.

Mai aski ya murza tafin hannu, ya duba inda zai ci. Sai ya ga dokin nan ya tsare masa sarki. Ya nemi ya matsa dama, sojansa ne a wurin. Hagu ma nasa ne. Gaba ɗaya mutanensa sun yi wa sarkin cunkoso kamar motar haya, babu ko inda zai sa ƙafa.

“Kai ka ce in sa shi nan, ɗana,” in ji dattijon a hankali.

Ya yi masa bayani cewa abin da ya kwafo tarko ne, irin wanda ake ɗana wa mai kwaɗayi, kuma fari ne ke faɗawa ciki. Mai faci ya yi dariya har bencin ya kife da shi. Mai aski ya shige shago ya hau sharar ɗakin da ba ko gashi ɗaya a ƙasa.

Washegari dattijon da kansa ya shigo da allon. Ya tambayi mai aski me ya sa ake fara tura sojan tsakiya, mai aski ya ce haka aka rubuta. Sai dattijon ya nuna kujerar aski, ya ce me ya hana a ajiye ta a lungu. Mai aski ya ce ai sai a tsakiya zai kai ga kai ta kowane gefe. Dattijon ya ce to haka allo yake. Dawakai kuma a fitar da su da wuri, yadda ake jera reza da almakashi kafin mutum ya zauna, a ɓoye sarki, sarauniya ta jira. Mai aski ya daɗe yana kallon kujerarsa baki buɗe.

Ranar Asabar suka sake karawa, aka kai motsi arba'in da uku, har wani mai karɓar agogo ya gaji da tsayuwa ya tafi. Mai aski ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, ya gaya wa matarsa yau dattijo ya ga ta kansa. Ta tambaye shi to wa ya ci. Ya ce mata ita ba ta san ces ba, ya cire takalmi ya nemi ruwan sanyi.