Bukkar Madam Netter

Washegarin Ranar Kafara, babban azumin Yahudawa, tun ƙishin azumi bai gama sakinta ba, Odette Netter ta sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene ta fara jawo katakon bukka. Idin Bukkoki, wanda ake mako guda ana cin abinci a bukka, ya ƙarato, kuma tun da suka tare a wannan gidan haya na Strasbourg a Faransa ba a taɓa yin idi babu bukkarsu a tsakar gida ba, can jikin shingen ƙarfen da ke kallon titi. Mijinta Lucien ne ke kafa ta. Shi kuwa ya rasu da sanyin bara, ya bar mata katako da guduma, da taurin kan da duk unguwa ta san a wurinta ya koya.

Bana kuwa ba kamar sauran shekaru ba ce. Sojoji sun koma tsayuwa gadi a ƙofar majami'ar Yahudawa. Maza masu gemu da furfura sun koyi ɗora hular sanyi a kan ƙaramar hular ibada kafin su fita titi. Ita kanta Odette, da bazara ta wayi gari an zana mata tambarin 'yan Nazi da baƙin fenti a akwatin wasiƙarta. Wanda ya zo da soso ya goge shi da hannunsa, yana huci yana tsine wa 'yan iskan zamani, shi ne Malam Kieffer, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shugaban kwamitin 'yan haya. Shi ne kuma ya tarar da ita a kan matakala tana fama da katako.

"Madam Netter, barka da safiya. Kai, wannan kaya ai ya fi ƙarfinki."

"To kama mini mana, ka tsaya kana auna ƙarfina."

Ya kama, suka fitar da shi tsakar gida. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya, yana kallon takalminsa. Daga nan ta san akwai magana.

"Mun zauna da maƙwabta," in ji shi. "Mun share miki ɗakin kekuna tas. Akwai ɗumi, akwai fitila, ba iska. Ki kafa abinki a ciki, ki yi idinki hankali kwance, ba wanda zai gani."

"Sama fa?"

"Wace sama?"

"Ta Allah mana, Malam Kieffer, ko akwai wata? Bukka sai a fili, in ka ɗaga kai ka hangi sama ta tsakanin kara. In da rufi a kanta ta zama ɗaki. Ɗaki kuwa ina da shi, har da kujeru masu taushi."

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce mutane na da yara ƙanana, kuma kara abu ne mai kama wuta, in wani la'ananne ya jefo ashana ta shinge fa? Ya rage murya ya ce, "Kin dai san ni. Ni ba na ƙin Yahudawa."

"Na ce kana ƙi?" in ji Odette. Ta sunkuya ta ci gaba da jera katako.

Da yamma ɗanta Gilles ya biyo daga asibitinsa na haƙori, don Kieffer ya riga ya buga masa waya. Ko rigar sanyi bai cire ba ya fara.

"Mama, don Allah kada ki liƙa wa bawan Allahn nan ƙin jinin Yahudawa. Mutumin da ya goge miki akwati? In muka riƙa kiran kowa da wannan suna, ranar da na gaske ya zo ba mai sauraronmu."

"Kai da shi bakinku ɗaya. Wa ya ji na kira shi wani abu?" Ta ajiye masa shayi da ƙarfi har ya fantsama. "Wanda ya yi mini zane, na san sunan abin da ya yi. Shi so yake in ɓace daga duniya. Kieffer kuwa yana so in rayu, in yi ƙiba ma, amma a ɗakin kekuna. Wannan ban san sunansa ba. Ku masu boko ku nemo masa, ni dai na san inda yake mini ciwo."

"Tsoro ne kawai, Mama. Tsoro ba ƙiyayya ba ne."

"Na yarda. Amma da mai tsoro da mai ƙiyayya, dubi inda suka haɗu: dukansu ba sa so a gan ni a tsakar gida."

Gilles ya ce akwai babbar bukka a harabar majami'a, bayan katanga, ga masu gadi, can matarsa da yara za su ci. Ta ce Allah ya ba su lafiyar ci. Da ya ga ba ta da niyyar lanƙwasuwa, sai ya zaro waya ya kira Rabbi Sichel, malamin majami'arsu, ya buɗe murya don ta ji da kunnenta. Ai kuwa Rabbi ya ba shi abin da yake nema. Ya ce tun farko ma ba a wajabta wa mata zaman bukka ba. Sannan ko namiji ne, in zaman zai sa shi cikin ƙunci ko fargaba, an ɗauke masa.

"Kin ji ko?" in ji Gilles.

"Sai dai fa," Rabbi ya ƙara, "ba ni zan faɗa mata tana fargaba ba. Mai zuciyar ne ya sani. Madam Netter, tsoro kike ji?"

Gaskiyar magana tana ji. Tun ranar zanen nan, in babur ya wuce da ƙara sai ta tashi ta leƙa ta taga. Amma ta dubi wayar nan kamar Rabbi na ganinta, ta ce, "Rabbi, karan masara zai iso gobe, na riga na gaya wa manomin. A gaida iyali."

Da Gilles ya dawo washegari ya tarar da tsohuwa a kan tsani, ƙusa a baki, guduma a hannu, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sauko da ita kamar yarinya, ya cire kwat, ya kafa bangon yana mita tun daga katakon farko har na ƙarshe. Ya ce ya yi ne don kada ta karya ƙugu, ba don ya yarda ba. Ta ce oho, bukka ba ta tambayar dalili. Suka shimfiɗa kara a sama, ta rataya tuffa da inabi da sarƙoƙin takarda da jikoki suka yi tun suna ƙanana. Bukkar ta ɗan karkace hagu, amma ta tsaya.

Ranar jajibiri da safe Odette ta leƙa ta taga, sai ta ga babu bukka. A wurinta akwai wani tulin abu lulluɓe da koren tampol, an ɗaure shi da igiya tsaf-tsaf, ka ce kayan lambu aka adana. Tabɗi! Ta sauko da silifas, ta tarar da Kieffer yana ƙarasa ƙulli na ƙarshe, fuskarsa cike da murna.

"Kin ga an huta," in ji shi. "Ruwa ba zai taɓa ki ba, daga titi kuma ba mai sanin mene ne. Kowa ya samu abin da yake so."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta ga yatsunsa sun yi ja don sanyi. Mutumin nan tun asuba yake wannan aiki, kuma har ga Allah gani yake alheri ya yi mata. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

"Malam Kieffer, ka kashe bukkar. Da wannan a kanta, in na ci abinci a ciki daidai yake da na ci a gareji. Kwance shi."

"Amma in ruwa ya sauko fa? In wani ya..."

"Ai don haka ake yin ta. Muna da gidaje masu ƙofa da makulli, sai mu fito mu zauna mako guda a abin da iska ke iya ɗauka, don mu tuna ba makulli ke tsare mu ba. Kakannina a ƙauyukan yankin nan na Alsace sun yi ta a gaban kowa. Kwance, ko in hau da kaina."

Ya kwance, yana naɗe igiya ba ya kallonta. Ta ce gobe da rana akwai romon kaza, in yana so ya sauko. Ya ce ya gode, yana da uzuri.

Gilles ya zo cin abincin rana a ranar idi, daga majami'a kai tsaye, shi kaɗai. Ya ce ba zai bar uwarsa ta zauna a bakin titi ita ɗaya kamar mai sayar da gyaɗa ba. Ya zaɓi kujerar da ke fuskantar shinge, idonsa na kan duk mai wucewa. Ya yi addu'a a kan ruwan inabi, suka tsoma burodin kitso a zuma, ta zuba romo yana tururi. Gari ya yi luf, hadari na taruwa. Wata tsohuwa mai kare ta tsaya ta leƙo ta ce abin ya yi kyau. Odette ta harari ɗanta, wato ka gani?

Ba su kai rabin kwano ba sai ga babur. Ya wuce, ya juyo, ya tsaya. Samari biyu ne, fuska a rufe da hular kwano. Ɗayan ya ɗaga murya ya ƙunduma zagin nan da kowane Bayahude ya sani tun kafin ya iya karatu, ya haɗa da cewa su koma inda suka fito. Sai kwalba ta taso ta daki ƙarfen shinge ta tarwatse, gilashi ya watsu har gindin tebur. Babur ya yi gaba.

Odette ta ajiye cokali. Ba kanta ta tuna ba. Gilles ta duba, ɗanta ɗaya tilo, uban yara uku, wanda ta jawo ta zaunar a bakin shinge saboda taurin kanta. Wani ɗan gilashi ya yanke shi a bayan hannu, jini ya ɗan tsatso. Da dutse ne fa? Da wuta ce fa? Nan take duk jarumtar nan ta zube, ta ji ita tsohuwa ce kawai mai tsoro.

A saman bene taga ta buɗe. Can sai ga Kieffer ya fito da tsintsiya da abin kwasar shara, ya hau share gilashi. Da ya gama bai koma ba. Ya tsaya a bakin shinge, ya ba bukka baya, ya riƙe tsintsiyarsa yana kallon titi.

Sai yayyafi ya fara. Ɗigo ya ratso kara ya faɗo a kan tebur, wani ya faɗo a goshinta. Odette ta ji wani sanyi a ranta, don ga ƙofa ta buɗe: in ruwan sama ya kai ya ɓata abin da ke cikin kwano, dokar addini ta ce a tashi a shiga gida, ba laifi ba kunya. Ba wanda zai ce an kore su. Ta miƙe ta kama hannun tukunya.

"Ruwa ya sauko, Gilles. Tashi mu shiga."

Gilles bai motsa ba. Ya naɗe hannunsa da adiko, ya ɗaga kai ya dubi sama ta tsakanin kara, ya dubi kwanonsa. Ya ɗebi romo a cokali ya kurɓa, ya juya shi a baki a hankali kamar mai gwada gishiri.

"Bai ɓaci ba, Mama."

"Haba Gilles, hannunka..."

"Ƙwarzane ne. Na ce romon bai ɓaci ba. Zauna." Ya tura mata kwanonsa. "Ƙara mini, ki sa har da ƙashin. Malam Kieffer! Ka shigo daga ruwan nan mana. Nan ma ana jiƙewa, amma akwai romo."

Odette ta tsaya da tukunya a hannu tana kallon ɗanta, wannan mutum mai sanƙo da tabarau, wanda kwana nawa yake roƙonta ta ɓuya. Muryarsa na rawa, ta ji, shi ma tsoron yake ji. Amma ya gyara zama ya baje kafaɗu, ya cika kujerar nan ta bakin shinge. Alfahari ya cika mata ƙirji.

Ta zauna. Ta cika masa kwano har baki, hannunta bai zubar da ko ɗigo ba.

"Ci a hankali," ta ce. "Ba inda za mu."