Minti Ashirin a Ɗakin Sanyi

Ɗaliban jami'ar da ke titin Jalan Semarak ba sa kiran Mika'ilu da sunansa. Baba mai kaji suke cewa. Wasu su ce ko firamare bai gama ba, wasu su ce shekararsa goma sha ɗaya a Kuala Lumpur amma bai iya komai ba sai jidar kwalayen daskararrun kaji a ɗakin sanyin wani kamfani da ke bayan Kampung Baru. Ashafa, mai karatun digiri na uku kan duwatsu, shi ya fi kowa. Ya ce ko ta cikin takunkumin fuska yana jin ƙarnin mutumin.

A ƙarshen 2021, da aka fara sassauta dokar hana tafiye-tafiye bayan kullen annoba, Ashafa ya samu gurbin bincike a tsaunukan Kazakhstan, mako uku cikin tanti a tsakiyar hunturu. Aka rubuto masa cewa kowa ya zo da jakar barcinsa, irin wadda ake shiga ciki a ja zif, kuma wanda tasa ba ta riƙe ɗumi, gida za a mayar da shi.

Ya yi oda ta waya. Ya zaɓi wadda ta fi kowace nauyi, yadda ake zaɓen bargo a kasuwar Kwari. Ya kawo ta shagon abinci, irin wanda ake kira mamak, inda suke shan shayi a unguwar Titiwangsa, kowa ya ɗaga ya jinjina, kowa ya yaba.

Mika'ilu na teburin gefe. Ya miƙo hannu ya matsa jakar, ya ce auduga ce a ciki, da zarar ta sha gumi sai ta koma ƙanƙara. Ya ce a nemi ta gashin agwagwa, mara nauyi, mai hular da ke tsuke fuska, da shimfiɗa mai kauri, domin ta ƙasa sanyi ke shigar mutum.

"Baba, maganar mutane muke yi fa, ba ta kaji ba," in ji Ashafa. Aka kwashe da dariya.

Mika'ilu ya shanye shayinsa. Ya ce sanyin ɗakin da yake aiki bai ma kai na can ba, Dakta Ashafa ya zo gobe da azahar ya kwanta minti ashirin kawai.

Ashafa ya je, don abokinsa Hussaini ya riga ya yi alkawarin ɗaukar bidiyo a samu abin dariya. Ya shimfiɗa jakar a ƙasa tsakanin kwalaye, ya shige, ya ce a rufe. A minti na goma sha ɗaya aka ji yana dukan ƙofa.

Ya fito haƙora na kaɗawa, yatsunsa sun kasa cire takunkumi. Mika'ilu ya miƙa masa ruwan zafi a kofin roba, ya ce ko kajin nan sun fi shi haƙuri, sannan ya koma bakin aikinsa.

Saura kwana biyar jirgi ya tashi. Ashafa ya bi shi da waya a hannu, yana nuna masa hotunan jakunkuna, yana tambaya wacce. Mika'ilu ya ɗora kwali, ya ɗora wani, ko waiwaye bai yi ba. Hussaini ya mayar da wayarsa aljihu.

Ashafa ya daɗe a tsaye.

"Malam Mika'ilu," ya ce, "na wulaƙanta ka a gaban mutane, kuma ba jiya na fara ba. Don Allah ka yi haƙuri, ka yafe mini."