Gaiwar Kusurwar Gabas

Mahaifina, Malam Gwadabe, mutum ne mai taurin kai, ni ma haka, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa da wuya mu kwana biyu ba mu yi musu ba.

A bayan gidanmu a Jakara akwai wani kududdufi. A da, in damina ta kankama, rafi kan cika ya tumbatsa, ruwa ya biyo ta cikin ciyawa ya shigo mana da tarwaɗa da karfasa, su yi ƙwai a gefe inda ba zurfi. In rani ya yi ruwa ya janye, gaiwa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe ta yi barci har ruwa ya dawo. Lokacin ne Baba ke haƙo ta, ni kuma in soya in kai bakin kasuwar Kurmi. Ko'ina yana haƙa ban da kusurwar gabas. Wannan ta iri ce, haka kakansa ya bar masa, ko yunwa za ta kashe ka ba ka taɓa ta.

Sai aka zo aka ɗaure rafin da siminti hagu da dama. Waɗanda ruwa ke ci wa gidaje duk shekara suka yi hamdala, kuma ban ga laifinsu ba. Amma tun daga nan, ko wuni aka yi ana sheƙa ruwa, rafin wucewa yake da gudu kamar wanda aka aika, ba ya ko leƙo mu. Damina biyu kududdufin bai sami komai ba sai ɗan abin da ya taru a tsakiya. Kusurwar gabas tana kan tudu, ko jiƙewar kirki ba ta yi ba.

Kullum da safe Baba kan je ya bubbuga ƙasar da sanda, ya kara kunne. Gaiwa mai rai takan yi ɗan gurnani daga ƙasa. Ya ce jikinta take ci tana jiran ruwa, kuma gurnanin kullum raguwa yake.

"Baba, mu haƙo su mana, a kai su wani ruwan," na ce.

"Ba a haƙa iri, Sadiya."

"To irin da ba ruwa fa, me zai haifa?"

Ya harare ni ya wuce. Haushi ya kama ni, amma tausayinsa ya fi yawa.

Wata Asabar, a tsakiyar zafin bazara, sai ga 'yan garuwa da kurarsu sun yi layi a lungunmu. Ashe Baba ya kewaye kusurwar da ɗan gini na laka, ya sa su yi ta juye jarkoki a ciki. Tun hantsi ake zuba, sai bayan la'asar ruwan ya kai ƙauri. Washegari ƙasa ta fara motsi. Kifayen suka fito ɗaya bayan ɗaya, guda bakwai, sun rame kamar igiyar guga. Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na yi murna.

Amma ƙasar da ta shekara biyu da ƙishirwa ba jarka ce za ta ƙosar da ita ba. Kwana biyu ruwan ya koma idon sawu. Aka ƙaro, ta shanye. Ruwan burtsatse kuma ba tsutsa ba dodon koɗi, babu abin da za su ci su mayar da jiki. Rana ta huɗu sai taɓo. Na ga suna cusa kai a laka za su koma, ƙarfin ya gaza. Huɗu suka mutu a nan, shirwa na shawagi a sama.

Na kwaso ukun da suka rage a robar wankina, na ajiye a gaban Baba, suna buɗe baki a hankali.

"Baba, ina za mu kai su?"

Ya dubi rafin, baƙin ruwa na gudu a kan siminti, babu ciyawa, babu lakar da kifi zai shiga.

"Suna barcinsu, suna jira," ya ce. "Ni na je na tashe su, na ce musu damina ta zo. Ƙarya na yi musu, Sadiya."

Na ɗebo ruwa a randa na ƙara musu.