Shanun da ke Bayan Baba Jibo

Tun da ɓarayi suka kore garken Baba Jibo daga rugarsa ta kusa da Bilbis, bai ƙara yin wata magana mai tsawo ba. Iyalinsa suka dawo da shi Damba, cikin Gusau, ya sami kusurwar ɗaki ya zauna. Yanar ido ta rufe masa gani, abinci sai an matsa. Masu zuwa gaisuwa suna ta ce masa ya yi haƙuri, suna tashi suna tafiyarsu. Faɗar haƙuri ba ta da wuya ga wanda bai rasa kome ba.

'Yarsa Ummulkhairi ba ta cikin masu faɗa su wuce. Tana aiki a wani situdiyo a Tudun Wada, wurin Ayuba, Kirista ɗan kudancin Kaduna wanda ya koya mata haɗa sauti. A lokacin suna kammala wani gajeren fim kan kiwo da za a nuna a Bungudu. Ita da kanta ta je wajen Tsafe ta naɗo sautin shanun ƙanen babanta.

Ɗakin aikin yana da sifiku shida: uku a gaba, biyu a baya, da wata ƙatuwa a ƙasa mai fitar da rugugi. A allon kwamfuta akwai da'ira, da hoton kan mutum a tsakiya, wato mai sauraro. Kowane sauti yana da ɗigonsa. Ka ja ɗigo hagu da linzamin kwamfuta, sautin ya koma hagu. Ka nesanta shi daga tsakiya, ya yi nisa a kunne.

"Oga, ina so in kawo Baba ya ji," ta ce wa Ayuba. "Ko ba ya gani, kunnensa garau."

"Kawo shi mana. Amma idan ya ce ladanmu saniya, ni zan riƙe igiya."

Da ƙyar mahaifiyarta, Inna Uwani, ta shawo kansa ya shiga Keke Napep bayan azahar. Suka zaunar da shi kan kujerar tsakiya, sandarsa a kan cinya. Ummulkhairi ta kunna.

Aikin ya yi kyau, babu mai musu. Ita da Ayuba sun jera ɗigogin shanu a gaban da'irar, daidai inda hoto yake nuna su, kamar yadda ƙa'idar aikin ta ce. Kofatai suka taso daga gaba, ƙahoni na gogar juna, maraƙi na kuka.

Baba Jibo ya saurara kaɗan, sannan ya lalubi sandarsa.

"Shanun wani ne," ya ce. "Uwani, mu tai gida."

Ummulkhairi ta ce, "Baba, na Baffa Usman ne fa. Jininsu ɗaya da naka."

Ya miƙe.

Ta dubi allon, ta dubi kan mutumin nan na tsakiya da shanu suka yi wa cincirindo a gaba, sai kunya ta kama ta. Zaman birni ya sa ta manta abin da ta sani tun tana ƙarama. Manomi ne ke kora dabba daga baya. Babanta kuwa gaba yake shiga, sanda a kafaɗa, garke na biye da shi. Shanun da ke tunkaro shi ta gaba ai na wani ne, kauce musu ake yi. Nasa a bayansa yake jin su.

"Baba, don Allah ka ɗan tsaya."

Ta kewaye ɗigogin duka da linzami, ta jawo su ƙasan da'irar.

"Ke, hoto yana gaba kin kai sauti baya?" in ji Ayuba. "Masu kallo za su yi ta waige!"

"Oga, bar ni da wannan."

Ta baza su. Babban bajimi ta ajiye shi daf da kafaɗar dama. Tsofaffin shanu ta tura su can nesa. Ta ƙara wa sifikar ƙasa ƙarfi har kujeru suka soma rawa. A gaba ba ta bar kome ba sai iska da kukan tsuntsaye. Ta sake kunnawa.

Baba Jibo yana tsaye. Numfashin bajimi ya sauka a bayan kunnensa. Bai waiwaya ba. A hankali ya ɗaga sandar, ya gicciya ta a kafaɗa, ya rataya hannuwansa biyu a kai. Sai ya buɗe baki ya yi kiran shanu, dogon kira mai ƙarfi, wanda Inna Uwani ba ta ji ba tun ranar da suka bar ruga. Ta rufe fuska da gyale.

Ayuba ya cire hularsa. "To, ƙa'ida ta sha ƙasa yau. A haka za mu kai Bungudu."

"Ɗiyata," in ji tsohon, har yanzu bai juyo ba, "wanga maraƙi na hagu ya yi nisa da uwatai. Wa ya bar shi can?"

"Ni ce, Baba."

"Matso da shi."

Ta ja ɗigon. Kukan ya matso.

"Ƙara. Yauwa. Ita kuma waccan mai jan ƙafa, mai da ta baya, ba ta taɓa shiga gaba ba."

Har la'asar yana tsaye yana ba da umarni, tana jan ɗigo, Ayuba na shan faɗa duk lokacin da ya sa baki. Da aka kira salla, Baba Jibo ya sauke sandarsa, ya tambayi ranar zuwa Bungudu, sannan ya ce wa Inna Uwani ta nemo masa fura, yunwa yake ji.